Muryar Tsohuwar Kan Ganuwa

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Zafi kamar a bakin maƙera. An rufe makaranta, babu ɗaliban da zan sauke wa haushina, sai bangon ɗakin hayar nan. Damina biyu ke nan muna Gummi tun da mutanen daji suka kore mu daga ƙauyenmu na bayan Gwashi, har yau idan na share tsakar gidan nan sai in ji kamar aikatau nake yi.

'Yata Kausar ta dawo daga Anka da kwamfutarta da sabon hauka. Ita da abokin karatunta Abdussamad suna haɗa wasan waya, irin wanda samari ke dannawa har la'asar ta wuce su. Sun sa masa suna Bayan Giginya. Wai a cikinsa Turawa sun ci Sakkwato a 1903 kamar yadda aka yi, amma Anka da Gummi da Bukkuyum suka rufe ƙofofinsu suka ƙi. Mai wasa shi ne saurayin da ke tsaron ganuwa.

Na ce shekara ashirin ina koyar da tarihi, wannan babin bai taɓa biyowa ta hannuna ba. Ta ce, "Inna, ai labarin da-a-ce ne." Tana so in rubuta musu maganganun mutanen ciki. Na ce ba ni da lokacin shirme.

Talata, 8 ga Afrilu

Na leƙa abin da suka rubuta. Sarkin yaƙi na cewa, "Mu tafi, abokaina." Abokaina! Kamar za su biki. Na karɓi biro.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Duk wasan babu mace ko ɗaya sai wata da ake sacewa a je a ceto. Na tambayi Kausar: mayaƙan nan iska suke ci? Wa ke daka musu gero, wa ke ɗebo ruwan da ake jiƙa ganuwa? Ta yi murmushi, ta san ta kama ni.

Na ƙirƙiro tsohuwa. Ladidi. Tana zaune a kan ganuwar Gummi da kwandon audugarta, kowane namiji zai fita ko zai shigo sai ya bi ta ƙarƙashinta. Ba ta da makami. Baki kawai.

Na daɗe ban ji daɗin wani abu haka ba. Allah ya yafe mini.

Asabar, 12 ga Afrilu

Rigima da Abdussamad ta waya. Yaro mai ladabi, amma kansa kamar dutsen niƙa. Yana so mai wasa ya kashe tafinta, wanda ke fassara wa Bature, a mataki na uku. Na ce ya bari tukuna a ji abin da ya kai tafinta can. Ya ce, "Malama, maci amana ne, masu wasa suna son su ga ƙarshensa." Na ce a littattafan da na karanta, da takardun ajamin da Malam mahaifinmu ya bar mana, tafinta kan ci amanar kowa, har da Baturen. Wani lokaci shi ne ke mayar da "a ƙone garin" ta koma "a ci su tara". Ya ce wannan ya yi tsawo, waya ba aji ba ce.

Amma a kan bindiga mai ruwa ta Turawa na yi nasara. Ya so a ce mashi ya rinjaye ta. Na ce ƙarya ma tana da iyaka. Idan za a ci Bature a wasan nan, sai dai da yunwa da ƙishirwa da sanin hanya.

Abin dariya, muna ta shirya yadda kakanninmu za su kori baƙin da suka ƙetaro teku, mu kuma waɗanda aka haifa a dajinmu sun kore mu da babura. Mazan garinmu suna nan bakin kasuwa suna shan rake. Na faɗa a gaban kowa, kuma zan ƙara: babu maza a ƙasar nan.

Talata, 15 ga Afrilu

Sun rasa mai yin muryar Ladidi. Kausar ta ce ni. 'Yar malamai, muryata a aljihun samarin gari! Na ƙi har azahar, sannan na yarda bisa sharaɗin ba za a sa sunana ba.

Ta lulluɓe mu da bargo don kada ƙarar waje ta shiga. Bargo, a watan nan. Akuyar maƙwabta ta ɓata mana ɗauka ba iyaka. Da na kai wurin da Ladidi ke tare masu gudu, ban ma duba takarda ba:

"Wanda zai gudu ya tuɓe wandonsa ya aje mini nan, ga zanena ya ɗaura. Inda aka binne cibiyarka baƙo ke ɗaure dokinsa, kai kuwa kana neman inuwa. Wuce, ɗana, wuce. In an tambaye ni wa ya haife ka, zan ce ban sani ba."

Da muka yaye bargon Kausar ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Inna, har tsigar jikina ta tashi." Na ce gumi ne.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Sun tura wa samari kaɗan wasan su gwada. Cikinsu har da yayan Kausar.

Ko a nan ba zan rubuta sunansa ba, hannuna bai saba ba. Ɗan fari ne. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, da ta rasu ya koma gidan Mahmuda ƙanin mahaifinsa. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Ran Juma'a yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Haka Innarmu ta yi da Yaya Nuhu, haka tata uwar ta yi. Alkunya. Yanzu yana da shekara ashirin da bakwai, yana gyaran babura a bakin tasha, mutane na cewa hannunsa na da kyau. Ni daga bakin mutane nake sanin sa.

Yau ya zo. Ya daɗe a durƙushe fiye da yadda ya saba, kamar zai ce wani abu. Sannan ya tashi ya tafi.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na je sayen daddawa, sai na ji wani mai baro yana ce wa abokinsa, "Tuɓe wandonka ka aje mini nan!" Suka bushe da dariya. Maganata, a bakin kasuwar Gummi. Na gyara lulluɓi na wuce kamar ban ji ba.

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye wa takarda ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Mahmuda ya zo da hantsi. Tun ina amarya ba ya shigowa sai da tsokana, "Matata, mi kinka aje min?" Yau babu. Ya zauna kan turmi ya ƙi shan ruwa.

Ya ce yaron ya ba da sunansa wurin 'yan sa-kai. Akwai ayarin da ke shirin komawa ƙauyukanmu kafin ruwan shuka, su tsaya a can a samu a yi noma. Ya sayar da babur ɗin da ya haɗa da hannunsa, ya sayi bindigar maharba, irin ta harba-ka-ruga.

Na ce harba-ka-ruga, a gaban mutanen da ke da abin da soja ke riƙewa? Ka hana shi mana, ba kai ka rene shi ba?

Ya ce, "Na hana. Ya ce min, Baffa, inda anka binne cibiyata baƙo ka ɗaure doki. Na ce wa ag gaya maka wagga magana? Sai ya kunna min waya." Ya dube ni. "Matar Yaya, ko cikin rijiya kinka yi tari na san ke ta."

Na ce wasa ne, labari ne na shekara ɗari da suka wuce, wanda ma bai faru ba.

"Babu maza a ƙasar nan fa? Shi ma shekara ɗari ta?"

Na tashi na shige ɗaki. Ni, da ba a taɓa rufe mini baki ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Bai zo gaisuwa ba.

Na aiki Kausar ta gaya masa an ce kada ya tafi. Ta dawo ta ce ya tambaya, wa ya ce? Ta ce, a gida. Ya ce a gida wa? Ta kasa.

Na hau ta da faɗa, ita da wasanta da Abdussamad ɗinta. Ta bar ni na gama, irin haƙurin mahaifinta mai ban haushi, sannan ta ce, "Inna, kin san bai taɓa wuce matakin ganuwa ba? Ba don ya kasa ba, ya fi kowa iyawa. Da ya kai ƙofa sai ya juya da gangan kamar zai gudu, don Ladidi ta tare shi. Ya saurara har ƙarshe, ya sake. Tun da aka haife shi bai taɓa jin kin yi masa magana mai tsawo haka ba."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Ɗana. Kalmar tana cikin maganar. Wuce, ɗana, wuce. Ni na rubuta ta, ban lura ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na karɓi wayar Kausar na gwada wasan da kaina. Yatsuna ba su san kan abin ba, Bature ya harbe ni tun ban kai rijiya ba. Allon ya yi ja, sai ga rubutu: Sake gwadawa. Na danna, ga ni tsaye, riga fes.

Na kira Abdussamad. Na ce wannan ce babbar ƙaryar wasanku, ta fi ta mashi. A cire ta. Wanda ya mutu ya mutu, wayar ta nuna masa uwarsa zaune ana mata ta'aziyya, kuma kada wasan ya sake buɗuwa. Ya ce, "Malama, wa zai yi wasan da ake mutuwa sau ɗaya?" Na ce kowa, ai shi muke yi tun da aka haife mu. Ya yi dariya, ya zaci raha nake.

Audu mai shayi na garinmu bai sake gwadawa ba. Isa ɗan liman ma haka. Su ma sun tsaya ranar da aka shigo mana. Ni ina cikin masu gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ina zagin mazan da ke gudu tare da ni.

Har yanzu ina ganin bai kamata a bar musu ƙasar ba. Ban canja ba. Wani ya je. Ɗan wata.

Na karanta layin nan na sama, na ji kunyar kaina, amma ba zan soke shi ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Dabara ta zo mini. Tunda tsohuwar yake saurara, tsohuwar za ta gaya masa. Na rubuta wa Ladidi sabuwar magana: ta tare saurayin a ƙofa, ta ce ya koma, ganuwa tana bukatar mai gyara ta fiye da mai mutuwa a gindinta, gari ba ƙasa ba ne, mutane ne, da sauransu. Na ƙawata ta sosai, har da karin magana.

Muka koma ƙarƙashin bargo. Kausar ba ta ce tsigar jikinta ta tashi ba. Ta ce, "To," ta tura masa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Amsa ta zo. Kausar ta same shi a wurin aiki. Ya ce, "Wa ya ɓata tsohuwar nan? Wannan ba ita ba ce, karatu take yi. Ku maido ta da."

Ya yi gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ɗaliba ce ta kawo mini wannan rubutun, da na ja jan layi a ƙarƙashinsa. Ladidi ba ta da ɗa a cikin ayarin. Shi ya sa bakinta ke da kaifi.

Hadari ya haɗu ta gabas da yamma, ya watse. Mahmuda ya ce Alhamis mai zuwa za su tashi.

Asabar, 3 ga Mayu

Na je wurin Yaya Nuhu. Na same shi a zaure yana duba allunan ɗalibansa. Na kewaya, na kewaya, na tambaye shi hukuncin wanda ya fita yaƙi ba da izinin mahaifiya ba. Ya ce, "Asabe, kin san hukuncin kamar yadda na san shi, gida ɗaya munka yi karatu. Amma sai ta hana shi tukuna. Kin hana shi?"

Na ce na aika.

Ya ce alkunya al'ada ce, ba farilla ba. Na ce na sani, na ma taɓa koya wa 'yan aji uku hakan, har da misalai. Sani daban, harshe daban.

Zan tashi na tambaye shi, ban san dalili ba, ko ya taɓa jin haushin Innarmu. Ya daɗe yana goge allo da hannun riga. Ya ce, "A'a. Na san tana sona. Mutane sun sha gaya min."

Na dawo ta doguwar hanya don kada in bi ta tasha.

Litinin, 5 ga Mayu

Na sa mayafi, na cire. Na sa, na cire. Kausar ta yi kamar ba ta gani.

Talata, 6 ga Mayu

Na je.

Rana tsaka, tasha cike. Rumfarsa ta kwano ce, ƙasa duk baƙin mai. Yana tsugune gaban wani babur, ya ba ni baya. Masu jiran gyara suna kan benci, da suka gan ni, ɗaya bayan ɗaya suka tuna da uzuri. Wani dattijo ɗan garinmu har ya riƙe baki. Kafin magariba duk 'yan gudun hijira za su ji cewa Malama Asabe ta je rumfar ɗanta na fari ta zauna.

Na zauna kan bencin. Ya juyo, ya gan ni, sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya rasa yadda zai yi, ya durƙusa cikin man nan yana gaishe ni, ya sunkuyar da kai. Na lura yana da tabo a haɓa. Ban san yaushe ya same shi ba.

Na shirya magana tun daga gida, mai kai da ƙafa. Da na buɗe baki sai na ji ina yi wa babur ɗin magana. Na ce masa ana cewa wasu za su tafi Alhamis. Ana cewa. Ni da nake cin mutuncin shugaban makaranta ido da ido.

Ya ce wa ƙasa, "Haka ne."

Mai rake yana ta kira a bayanmu.

Sai na ɗago na dube shi. Na ce, "Ba na so ka tafi."

Can ya ce, "An ce babu maza."

Na ce ni na faɗa, kuma bakina ya fi hankalina sauri tun ina yarinya, kowa ya sani, shi ne kawai bai zauna kusa da ni ya sani ba. Na ce tsohuwar cikin waya ba ta haifi kowa ba. Ni na haife ka. Ban yarda ba.

Ya ce, "Gonar Baba fa?"

Na ce ban san amsar wannan ba. Gaskiya ce, ban sani ba.

Ya ɗauki tsumma yana goge hannunsa, yana ta gogewa, hannun ba ya fita. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na tashi. Zanena ya kwashi mai, ba zai fita ba.

A hanya na yi ta sauri kamar na yi sata.

Laraba, 7 ga Mayu

Matar maƙwabci ta shigo aron rariya da ba ta bukata. "Ashe jiya an je tasha." Na ce e, gobe ma in na ga dama zan koma, ko akwai saƙo?

Babu labari daga wurinsa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sun tashi da safe. Kausar ta je ta dawo da gudu, ta tsaya a ƙofa tana haki: yana rumfa, yana kwance ƙafar babur.

Na ce to, sai me, na ci gaba da tankaɗe.

Mahmuda ya biyo da yamma, tsokanarsa ta dawo rabi. Ya ce da ayarin zai wuce ta tasha, wani ya cire wani tsohon zane ya jefa cikin rumfar, suka yi ta ihu, "Ɗaura, ga zanenta!" Yaron bai ɗago ba. Ya ce bai janye sunansa ba, wannan tafiyar ce kawai ya bari, don an hana shi. Da suka tambaye shi wa ya hana, ya ce, "Innata."

Bai taɓa kirana haka ba, ko a bayan idona, in ji Mahmuda.

Da maganata suka jefe shi. Kuma cikin waɗanda suka tafi akwai ɗan Karima, wadda muka yi gudu tare. Ban san da wane ido zan dube ta ba. Can babu sabis, ba za a ji komai ba sai wani ya dawo.

Asabar, 10 ga Mayu

Abdussamad ya kira, wace Ladidi za a bari, ta farko ko ta biyu? Na ce ta farko, ta biyun ƙarya ce. Amma a sa wata mace a ƙasan ganuwa, kusa da ƙofa. Ya ce me za ta ce? Na ce ban sani ba tukuna, ya ba ni lokaci. Ya ce tafintan fa? Na ce ya bar shi da rai har sai na gama tunani.

An yi yayyafi, bai jiƙa ƙasa ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ya zo, ba ranar gaisuwa ba. Wai ya kawo wa Kausar cajar waya. Tuwo na kan wuta, Kausar ta ce ya tsaya, ni dai na ƙara gari. Ya zauna daga bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje, kamar kazar da ba ta san gidan ba. Ba mu yi wata magana ba. Na ce miyar ta yi gishiri, ya ce a'a.

Yaji yake zubawa kamar mai rufe rami. Cokali biyu, ya ƙara. Zai lalata cikinsa, kuma duk gidan Mahmuda babu wanda ya taɓa hana shi. Na tura kwalbar gefe da ƙafata. Ya miƙa hannu ya jawo ta.

Sai na daka wani gobe. Wannan ba zai kai Juma'a ba.